Dokar 1990 da ta 2014: Wacce ke mulkin ɗan jarida a Arewacin Kamaru?

A takarda Kamaru ba ta rasa dokar 'yancin jarida ba. Dokar 19 ga Disamba 1990 ce ta buɗe wa jaridu masu zaman kansu ƙofa, gyaran da aka yi mata a Janairun 1996 kuma ya soke tsohuwar al'adar kai shafukan jarida ofishin hukuma a tace su kafin a buga. Dokar ta ba ɗan jarida damar ɓoye sunan wanda ya ba shi labari, sai fa in alƙali ne ya nema a zaman sirri.

To amma wata doka ta zo ta hau kanta. Ranar 23 ga Disamba 2014, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Arewa Mai Nisa, aka sa hannu kan dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta miƙa irin waɗannan shari'o'i ga kotun soja ko da wanda ake tuhuma farar hula ne. Duk wanda ya ga abin da aka yi wa ƙauyukan kan iyaka ba zai ce ƙasa ta zauna babu doka ba. Matsalar ita ce faɗin kalmominta, har ba a bambance mai ɗaukar bindiga da mai ɗaukar rakoda ba.

Masu sauraron rediyo da Hausa sun san Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI. An kama shi a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, aka tsare shi watanni ba lauya ba dangi. A Afrilun 2017 kotun soja ta Yawunde ta yanke masa shekara 10, daga cikin laifukan har da cewa bai kai rahoton 'yan ta'adda ga hukuma ba. Da aka ɗaukaka ƙara, hukuncin ya koma wata 24, ya fito a Disambar 2017 bayan ya riga ya wuce wannan wa'adin a tsare. Ɗalibai su lura da karon da ke nan: dokar 1990 ta ce ya riƙe amanar majiyarsa, ta 2014 kuma aka yi amfani da ita aka mayar da shirunsa laifi. Abba yana da Faransa da babban gidan rediyo a bayansa, amma sai da ya yi wata 29. Ina ga wakilin ƙaramar jarida a Gidar ko Mokolo?

A wancan lokacin ministan sadarwa ɗan Garwa ne, Issa Tchiroma Bakary, wanda ya riƙe kujerar daga 2009 zuwa 2019. Ban kawo wannan don siyasa ba, sai don masu ganin cewa in ɗan gida na kan kujera an huta. Kujera ba ta goge sashen doka.

Jaridar da ta fi bin lamuran Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa ita ce L'Œil du Sahel ta Guibaï Gatama, da Faransanci take fitowa. Irinta, a ganina, abu uku take buƙata daga majalisa. Na farko, a cire ɗauri daga laifin ɓata suna, wanda har yanzu dokar laifuka ke hukuntawa da kurkuku har wata 6. Ƙazafi ba ƙaramin abu ba ne, kuma Suratul Hujurat ta ɗora wa kowa nauyin tantance labari. Amma wanda aka yi wa ƙarya, gyara a shafi ɗaya da diyya sun fi yi masa amfani, ɗauri kuwa masu iko ne suka fi cin moriyarsa. Na biyu, dokar da za ta tilasta wa ofisoshi buɗe takardunsu, kamar yadda Najeriya ta yi a 2011. Ba tare da ita ba, mai son sanin kuɗin da aka ware wa wata hanya ko asibiti sai ya dogara da raɗa, in ya yi kuskure kuma a kai shi kotu.

Na uku shi ne Majalisar Sadarwa ta Ƙasa, CNC. Tun 2012 take da ikon dakatar da jarida ko ɗan jarida, alhali shugaban ƙasa ne ke naɗa mambobinta. Babbar jarida a Duwala za ta iya jure dakatarwar wata guda, ƙarama kuwa wataƙila daga nan ta mutu.

Akwai kuma abin da ko majalisa ba ya bi ta ciki. A Oktoban 2024 ministan cikin gida, Paul Atanga Nji, da wasiƙa kawai ya umarci gwamnoni su hana kafafen labarai tattauna lafiyar Shugaba Biya. Batun da aka kama Pius Njawé na jaridar Le Messager a kansa ke nan a ƙarshen 1997, ya yi wata 10 a kurkukun Duwala.