Wa Zai Saya? Tambayar da Ake Korar Marubucin Zango da Ita

Wani matashin tela daga Tsohuwar Fadama ya shekara uku yana rubuta littafin ƙarfafa gwiwa domin 'yan'uwansa matasa, kuma da Hausa ya rubuta. Ya kai wa gidajen ɗab'i huɗu a Ankara, duka suka sallame shi da tambaya ɗaya: wa zai saya? Da ya zo wurina da takardunsa a jakar leda, shawara yake nema: ya mayar da shi Turanci ne, ko ya haƙura? Na ce kada ya yi ko ɗaya.

Masu ɗab'in ba ƙarya suka yi ba. Hukumar Harsunan Gana tana buga littattafai cikin harsuna 11, har da Dagbani da Gonja da Kasem, amma babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon GBC ya daɗe yana karanta labarai da ita. Ba a koyar da ita a firamare, mai buga littafi kuwa da makarantu yake cin abinci. Ashe kasuwa suka auna, ba rubutun yaron ba, domin da wuya a ce wani cikinsu ya iya karanta shafin farko.

An taɓa rufe irin wannan ƙofa a Kano. Cikin shekarun 1980, da tattalin arzikin Nijeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka raja'a kan littattafan makaranta, sai matasa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa da kansu. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙungiyarsu ma Raina Kama suka sa mata. An kira aikinsu adabin kasuwar Kano cikin raini, a 2007 har aka ƙona irin littattafan a bainar jama'a. A 2012 kuwa kamfanin Blaft na birnin Cennai a Indiya ya buga fassarar littafin Balaraba da Turanci.

Sai dai Ankara ba Kano ba ce, kada mu ruɗi kanmu. Da yawa cikinmu a Nima da Mamobi mun iya Hausa a baka, mun iya Larabcin allo da Turancin makaranta, amma in aka miƙo mana Hausar boko sai mu yi ta in-ina. Don haka marubucin Zango sai ya sayar da muryarsa kafin takardarsa: ya karanta babi guda a WhatsApp, ya zauna a majalisar masu shayi ya karanta wani, wanda ya ji daɗi ya biya ta wayar hannu. Kada ya ci bashin buga dubu biyu su ruɓe da damina a ɗakin katako. Kwafe 200 sun isa gwaji.

Na kuma gaya masa abin da bai so ji ba. Babi biyu na farko kwaikwayon littattafan Amurka ne, labaran attajiran da ba su taɓa jin warin Odo ba. Inda littafin ya rayu shi ne inda ya ba da labarin rusau na 2015, da yadda mahaifiyarsa ta sake ɗora tukunyar koko washegari a kan kufai. Can ya kamata ya fara.

Sauran laifin namu ne. Mutum zai kashe kuɗi kan ankon biki ba tare da ya ji zafi ba, amma in maƙwabcinsa ya buga littafi sai ya ce, "Ina nawa kwafen?" Telan ya yanke babi biyun, ya sami mai injin da zai buga masa, kuma ya ce bayan sallar Juma'a zai shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar babban masallacin Kanda. Na riga na biya kuɗin kwafe biyar.