Kafin a Sayi Na'urar Haƙar Bitcoin a Abijan, a Fara Duba Mitar Wuta

Gardama ce da ta daɗe tana yawo tsakanin matasan Hausawa 'yan kasuwar Abijan, daga masu sayar da waya a kasuwar Black ta Adjamé zuwa masu shagunan kayan lantarki a Treichville: sayen na'urar haƙar bitcoin sana'a ce ko zubar da jari? Wasu na cewa duk wanda bai shiga yanzu ba zai ciji yatsa, wasu na cewa daga farko har ƙarshe damfara ce. Kafin a ankara magana ta karkata zuwa wace na'ura ta fi, S19 ko S21, sabuwa ko ta gwanjo, a yi odarta daga Guangzhou ko daga Dubai. A ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Haƙar bitcoin masana'anta ce ta gaske, akwai kamfanonin da ke cin riba da ita. Sai dai jarinta na ainihi wutar lantarki ce mai arha, na'urar kuwa bututu ce kawai da wutar ke bi ta koma kuɗi. Wannan wuta mai arha ita ce abin da mazaunin Abijan ba shi da shi, kuma babu irin na'urar da za ta ba shi ita.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Kusan kowane minti 10 ana rufe shafi ɗaya a littafin hada-hadar bitcoin, kuma na'urorin duniya baki ɗaya suna tsere wajen cankar lambar da za ta rufe shi. Wanda ya dace shi ke ɗaukar lada. Tun watan Afrilun 2024 ladan ya ragu daga bitcoin 6.25 zuwa 3.125, wato kimanin bitcoin 450 ke fitowa a rana ga duniya duka, sai ɗan abin da ake tarawa na kuɗin aike. Ko na'ura dubu ce ke aiki ko miliyan goma, adadin bai canzawa, domin duk bayan shafi 2,016, kimanin mako biyu ke nan, tsarin yana gyara wahalar lissafin da kansa gwargwadon yawan masu tsere. Saboda haka duk wani sabon rumbun na'urori da aka kunna a Texas ko Habasha yana rage rabon na'urar da ke Adjamé, mai ita bai sani ba, bai kuma da ta cewa.

To, a zo ga lissafi, wanda shi ne abin da ɗan kasuwa ya fi kowa iyawa amma a nan yake yawan tsallakewa. Antminer S19 Pro ta kamfanin Bitmain, wadda ta cika kasuwar gwanjo, tana da ƙarfin terahash 110, tana kuma jan wat 3,250. Tun da ba a kashe ta, a rana ɗaya tana shan kilowat 78. Da gwamnatin Kwaddibuwa ta ƙara kashi 10 cikin 100 kan kuɗin wuta daga 1 ga Janairun 2024, matsakaicin farashin kilowat ya tashi daga kimanin sefa 79 zuwa 87. Ke nan abincin na'urar a rana ya kai sefa 6,800, a wata ya zarce 200,000. Me take kawowa? A 2025 ƙarfin na'urorin duniya ya haura terahash miliyan 800, don haka rabon S19 Pro bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan bakwai da 'yan kai ba. A yi mata adalci, a sa bitcoin a dala 100,000, farashin da ya fara taɓawa a Disambar 2024, a sa dala a sefa 600: abin da za ta samu a rana kimanin sefa 3,700 ne. Mai ita yana ba kamfanin wuta na CIE 6,800 don ya karɓi 3,700. Sai kilowat ya sauko ƙasa da sefa 47 kafin ta biya kuɗin wutarta kawai, ba a ma zo kan kuɗin sayenta da na kwastan ba. S21 da ake yi wa kirari, mai terahash 200 da wat 3,500, a wannan lissafin tana cin sefa 7,300 ta kawo ƙasa da 7,000. Tsohuwar S9 ta 2016 kuwa, wadda ake yaudarar masu ƙaramin jari da arharta, tana cin kusan 2,800 ta kawo abin da bai kai 500 ba.

Lissafin takarda ke nan, a ɗaki abin ya fi haka muni. Na'ura mai wat 3,250 a kan wutar bolt 220 tana jan kusan amfiya 15 ita kaɗai, alhali mitar masu ƙaramin ƙarfi a Kwaddibuwa amfiya 5 ce, gidaje da shaguna da yawa kuma 10 ko 15 suke da ita. Da an jona ta mitar za ta yanke, in kuwa an yi dabarar hana ta yankewa, wayoyin bango su ne za su ɗauki zafin. Duk wutar da ta sha zafi take komawa, tamkar a kunna dutsen guga uku a rufe ɗaki dare da rana. Fankokinta huɗu suna kuka da ƙarar da ta kai desibel 75, babu dare babu Juma'a, a gidan haya na tsakar gida ɗaya inda maƙwabci ke jin tarin maƙwabcinsa. Ga iskar Abijan mai laima da gishirin teku da ke cin ƙarfe, ga ƙurar tashar motocin Adjamé da fanka ke zuƙowa ta liƙe a kan allunan ciki. In aka ce a sa na'urar sanyaya ɗaki, an ƙara wa mita wani baki.

Ya kamata mai saye ya tambayi kansa dalilin da ya sa na'urar ta iso hannunsa da arha. Manyan masu haƙa ba sa sakin na'urar da ke kawo musu riba. Suna sakin ta ne ranar da ta daina biyan kuɗin wutarsu, wutar da suke saya ƙasa da rabin farashin Abijan. An ga haka bayan China ta hana haƙa a 2021, an sake gani a Satumbar 2022 da Ethereum, wani kuɗin kirifto, ta daina amfani da haƙa gaba ɗaya, katunan hoto na kwamfuta da aka tara dominta suka malalo kasuwa, aka kuma ƙara gani bayan rage ladan 2024. Abijan ta saba da kayan gwanjo, kuma mota ko firji ko waya ta hannu na iya yi wa mutum aiki shekaru, domin amfaninsu bai dogara da abin da wani ke da shi ba. Na'urar haƙa ba haka take ba. Tana iya kasancewa lafiya lau, kowane allo na aiki, amma ba ta da amfani, saboda abokan tserenta sun wuce ta. Ba ta kuma iya wani aiki daban: ba a buga takarda da ita, ba a kallon fim, lissafi ɗaya tak aka ƙera ta ta yi. A wannan ciniki wanda ribarsa ta tabbata shi ne dillalin da ya shigo da ita.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce farashin bitcoin zai tashi, asarar yau ta zama ribar gobe. Mai wannan magana yana iya yin daidai game da farashi, amma hujjarsa ba ta kare na'ura ba. Wanda ya yi imani bitcoin zai ninka, in ya ɗauki sefa 6,800 ɗin da zai ba CIE ya sayi bitcoin kai tsaye, zai riƙe kusan ninki biyu na abin da na'urar za ta haƙo masa, babu ƙara, babu zafi, babu kuɗin gyara. Ba ina ba kowa shawarar saye ba ne, wannan wata caca ce mai nata haɗarin. Ina cewa ne ko ga mai son cacar, na'ura ita ce hanya mafi tsada. Bayan haka, duk lokacin da farashi ya tashi manyan kamfanoni na ƙara na'urori, wahalar lissafi ta hau, rabon ƙaramin mai haƙa ya sake tsukewa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ai ana haƙa a Afirka ana kuma samu. Gaskiya ne. Habasha ta jawo kamfanoni, da yawansu na China, da wutar madatsun ruwanta a kan kimanin senti 3 na dala, ƙasa da sefa 20 ke nan. Gandun dajin Virunga a gabashin Kwango yana haƙa tun 2020 da rarar wutar tashoshin ruwansa. Kamfanin Gridless yana kafa na'urori kusa da ƙananan tashoshin wuta a karkarar Kenya da Malawi da Zambiya, inda ake samar da wutar da babu mai saye. Duk waɗannan misalai abu ɗaya suka nuna, na'ura ce ke zuwa inda wuta ta yi rara. Kwaddibuwa tana da madatsun Soubré da Taabo da Kossou da Buyo, tana sayar wa maƙwabta irin su Mali da Burkina Faso wuta, amma akasarin wutarta daga iskar gas take, a tashoshi irin su Azito da Ciprel, kuma gas saye ake yi. Mutanen Abijan ba su manta da 2021 ba, lokacin da ƙarancin ruwa a madatsu da lalacewar inji a Azito suka sa aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. In ma wata rana aka sami rarar da ta isa haƙa, yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da babban kamfani a gindin tasha, ba za ta biyo ta mitar shago a Treichville ba. Masu cewa a koma hasken rana su ma su yi lissafi: kilowat 78 a rana a sararin Abijan mai yawan gajimare na buƙatar faifai kusan 40 manya, da baturan da za su riƙe dare, duk don na'ura ɗaya.

Akwai hanyar da ba a faɗa a fili, wato jona wuta ta bayan mita. Da ita kaɗai lissafin ke fita, kuma wannan ma ya isa shaida a kan sana'ar. Dokar lantarki ta Kwaddibuwa ta 2014 ta tanadi tara da ɗauri ga mai satar wuta. Ko ba doka, wayar da aka ja a ɓoye ta ɗauki amfiya 15 ba hutu a kasuwar da shago ke manne da shago, cike da atamfa da roba da kwali, wasa ne da dukiyar mutane da rayukansu. Baƙo ɗan kasuwa, wanda zamansa ya dogara da mutunci da takardu, shi ya fi kowa asara in abin ya fashe, kuma ba shi kaɗai za a zaga ba.

Da wuta ta gagara, sai a kawo wa mutum tayin da ya fi daɗin ji: ba sai ka ga na'ura ba, biya kawai, tana can wata ƙasa tana yi maka aiki, riba na shigowa wayarka kullum. Akwai kamfanonin ajiye na'ura na gaskiya, amma daga Adjamé babu yadda za a bambance su da na bogi, domin lambobin da ke hawa a fuskar waya kowa na iya rubuta su. HashFlare ta yi shekaru tana sayar da irin wannan haya, ta tara sama da dala miliyan 500, daga baya 'yan Estoniya biyu da suka kafa ta suka amsa laifin zamba a kotun Amurka a Fabrairun 2025, bayan ya bayyana cewa ba su da ko kusa da ƙarfin na'urorin da suka sayar. Kwaddibuwa ta san wannan salo tun kafin kirifto. A 2016 zuwa 2017 dubban mutane sun zuba biliyoyin sefa a kamfanonin noma da suka yi alkawarin ninka jari cikin 'yan watanni daga gonakin da masu kuɗin ba su taɓa takawa ba, har gwamnati ta rufe asusun kamfanonin. An sauya gonar da na'ura, alamar ba ta sauya ba: riba tsayayya da aka yi alkawari tun kafin aiki, da lada ga wanda ya kawo wani.

Shi kuwa abin da matasa ke kira mainin a waya, irin Pi da Hamster Kombat, babu haƙa a cikinsa, rabon maki ne don tara jama'a. An fara Pi a Maris 2019, aka buɗe cinikinta a 20 ga Fabrairun 2025, ta kusa dala 3 sannan ta faɗo ƙasa da dala 1, nesa ƙwarai da dala 314,159 da wasu suka yi ta rantsuwa a kai. Masu Hamster da yawa sun tashi da 'yan daloli a Satumbar 2024 bayan watanni suna danna allo. Aƙalla waɗannan lokaci da data suka ci, ba jarin shago ba, ko da yake hoton katin shaida da fuska da ake miƙa wa kamfanin da ba a sani ba shi ma biya ne.

Masu cewa duk kirifto iska ce su ma sun wuce gona da iri. Akwai 'yan kasuwa a Afirka ta Yamma da ke biyan masu kaya a China da kuɗin kirifto na USDT saboda ya fi banki sauri, kuma wannan buƙata ce ta gaske, duk da cewa babban bankin yankin, BCEAO, bai ɗauki kirifto a matsayin kuɗin doka ba, wanda aka cuta kuma ba shi da inda zai kai kuka cikin sauƙi. Amma wannan aike ne, ba ya buƙatar fanka ko mita. Haka ma yaran Black da ke cire ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya su dasa wata, gwanintarsu na da kasuwa a duk inda ake da rumbun kwamfutoci, kuma ita ta cancanci a zuba wa jari. Wanda duk da haka ya nace sai ya sayi na'ura, ya nemi dillali ya rubuta masa abu uku kafin kuɗi ya fita: wat nawa take ja, terahash nawa take bayarwa a zafin Abijan, da nawa kilowat yake a takardar CIE ta shagonsa. Ya kuma sa a lissafinsa cewa wajen 2028 ladan zai sake rabewa zuwa bitcoin 1.5625, ko ya gama biyan bashin na'urar ko bai gama ba.