Dage Ba Abokin Gaba Ba Ne

Ku manoma da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ga wata magana a kan dage.

Kowa ya san kamanninsa: gajere ne kakkaura, cikinsa baƙi, bayansa fari-fari tun daga ka har wutsiya. Babban namiji yakan kai kilo 12 ko fiye. Fatarsa kauri gare ta, ga ta sako-sako, shi ya sa in kare ya cafke shi yakan juyo ya rama. Yana kwana a rami ko kogon dutse, irin duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu, ya fi fita da dare. Ana samunsa a yawancin Afirka, da ƙasar Larabawa, har Indiya. Yana da wani ɗan'uwa a Burma da Tailan da Sin, mai hanci kamar na alade, wanda ke tonon tana da saiwoyi.

Laifinsa ba a ɓoye yake ba. Yakan fasa amya ya cinye 'ya'yan zuma, yakan shiga akurki. Saboda haka waɗansu sukan sa masa guba. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne.

Ku duba abincinsa na kullum: ɓeraye, da gafiya, da kunama, da macizai, har kububuwa da gamsheƙa. Ashe mai kashe dage ɓera yake yi wa aiki. Kuma macen ɗa ɗaya takan haifa galibi, ta yi fiye da shekara tana renonsa. In aka ƙarar da shi a daji, da wuya ya komo. Gubar kuwa ba ta zaɓe, takan kashe karen makiyayi da ungulu.

Masu kiwon zuma a Afirka ta Kudu sun sha irin wannan hasara, suka ɗaga amyoyinsu bisa dogayen ƙafafu, fiye da mita 1 daga ƙasa, suka ɗaure su tam, ɓarna ta ragu ƙwarai.

To, ku ma ku rataye amya da waya a reshen ɗorawa ko tsamiya, nesa da gindi. Ku naɗe gindin itacen da fallen kwano, don dage yana hawa. Akurki kuma a jera duwatsu a ƙasansa, a toshe ƙofa da magariba.

Dagatai, ku tara jama'arku ku karanta musu wannan takarda. Gyaran amya aikin yini ɗaya ne, ɓarnar ɓera kuwa ta shekara ce.