Ra'ayinmu: Kuɗin Jama'a A Makarantun Kuɗi, Wa Zai Sa Ido?

Akwai wata shawara da muke yawan ji a bakin masu tsara sha'anin ilmi, wadda ke da daɗin ji ƙwarai. Sukan ce tun da yake makarantun gwamnati sun cika maƙil, ga kuma miliyoyin yara suna gararamba a titi, me zai hana gwamnati ta sayi gurabe a makarantu masu zaman kansu, ta zuba 'ya'yan talakawa, ta riƙa biya daga baitulmali? Mu ba mu ƙi wannan shawara ɗungurungum ba. Abin da muke cewa shi ne, duk ranar da kuɗin jama'a ya shiga aljihun ɗan kasuwa, to wajibi ne idon jama'a ya bi shi har can. Domin kada a ce zargi ne kawai, bari mu duba ƙasashen da suka riga mu gwadawa.

A shekarar 2009 Majalisar Dokokin Indiya ta kafa dokar haƙƙin ilmi ga yara masu shekara 6 zuwa 14, ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, 2010. Dokar ta tilasta wa makarantu masu zaman kansu su keɓe aƙalla kashi 25 cikin 100 na guraben ajin farko domin 'ya'yan marasa galihu, kyauta. Gwamnati ce za ta biya makarantar, bisa ga abin da take kashe wa yaro guda a tata makarantar, ko kuwa kuɗin da makarantar ke karɓa, watau wanda ya fi ƙanƙanta. Masu makarantu suka garzaya kotu, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, ko da yake an tsame makarantun ƙananan al'ummomi na addini da harshe.

Doka ta yi kyau a takarda, kuma lalle yara da yawa sun amfana. Amma da aka zo aiki da ita sai ɓaraka ta bayyana ta fuska uku. Ta farko, a 2015 'yan sandan Delhi suka bankaɗo wasu dillalai da ke yi wa masu hali takardun shaidar talauci na jabu, domin 'ya'yansu su cinye guraben talakawa a manyan makarantu. Ta biyu, gwamnatocin jihohi da dama suka riƙa jinkirta biyan makarantu, wani lokaci har shekaru, su kuwa masu makarantu suka sami hujjar ƙin karɓar yaran. Ta uku, gurabe masu yawa suka zauna babu kowa, saboda iyayen da aka yi dokar dominsu ba su ma san da ita ba, ko kuwa cike takardu ya gagare su. Har a 2024 sai da gwamnatin Jihar Maharashtra ta nemi ta sauke wa makarantun wannan nauyi muddin akwai makarantar gwamnati tsakanin kilomita 1, Babbar Kotun Bombay ta soke wannan umurni a cikin shekarar.

Ingila ma ta ɗanɗana. Gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa irin wannan shiri da dokar ilmi ta 1980, domin yara masu hazaƙa waɗanda iyayensu ba su da ƙarfi. Masu bincike suka tarar da yawa daga cikin waɗanda suka ci moriyarsa 'ya'yan masu ilmi ne da samunsu ya ja baya, 'ya'yan lebura kuwa 'yan kaɗan ne. Gwamnatin Tony Blair ta soke shi a 1997. Haka nan Yuganda, wadda ta fara biyan makarantun sakandare masu zaman kansu a 2007, ta soma janye hannunta a 2018, ta gwammace ta gina nata.

Mu nan gida ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. A zamanin Turawa gwamnati takan ba makarantun mishan gudummawar kuɗi, amma da sharaɗin sufeto ya zo ya duba malamai da gini da karatun yara. Yau kuwa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati nauyin ba kowane yaro ilmin shekara 9 kyauta. Idan wata jiha ta ga za ta sauke wani ɓangare na wannan nauyi ta hanyar makarantun kuɗi, to sai mu tuna mata cewa ƙasar da ta saba da ma'aikatan bogi a takardar albashi ba za ta sha wahalar ƙirƙiro 'yan makarantar bogi ba. Mun kuma san ƙarfin 'yar wasiƙar babban mutum a ofisoshinmu. In ba a yi hattara ba, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: da sunan talaka aka fitar, ɗan mai hali ne a aji.

Saboda haka muke ba da shawarar kada a saki ko kwabo sai an cika sharuɗɗa biyar. Na ɗaya, a zaɓi yara ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, kamar yadda wasu jihohin Indiya suka koma yi da kwamfuta, bayan masu unguwanni da iyaye sun tantance wane ne mabukaci. Na biyu, a manna sunan kowace makaranta da yawan yaran da aka biya wa da adadin kuɗin a ƙofar ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Na uku, sufetoci su riƙa kai ziyarar ba-zata suna ƙidaya yara da idonsu, su kuma tabbatar ba a ware su a wani aji dabam ba, ba a kuma tatsar iyayensu da sunan kuɗin littattafai ko kayan makaranta. Na huɗu, a auna karatun yaran kowace shekara, makarantar da ta gaza a cire ta ba tare da an jefar da yaran ba. Na biyar, Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya gabatar da rahoto gaban Majalisar Dokoki duk shekara.

Masu makarantu za su ce sufeto sau da yawa na goro yake zuwa karɓa, gwamnati kuma ba ta biyan bashi. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa dole dokar ta ɗaure ɓangarorin biyu: a ƙayyade ranar biya, a riƙa sauya wa sufetoci yanki, a kuma buɗe wa iyaye da masu makarantu ƙofar kai ƙara. Haka kuma kada shirin ya zama dalilin yin watsi da makarantun gwamnati, domin a nan ne mafi yawan 'ya'yan talakawa za su ci gaba da zama, musamman a karkara.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe a kan teburinku irin wannan fayil zai sauka, ku ne za a ce ku sa hannu a kan jerin sunaye. Yawancinmu da harajin talakawa muka yi karatu. Kafin ku ɗora alƙalami, ku tashi ku je makarantar, ku kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku ga wa zai amsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.