Wanda Ya Riƙe Kyamara Shi Ke Naɗa Mugu: Martani Ga Masu Cewa "Ai Fim Ne Kawai"



A watan Yunin 2025 kamfanin Amazon ya ba da sanarwar cewa Denis Villeneuve, ɗan ƙasar Kanada, shi zai ba da umarnin sabon fim ɗin James Bond. Turawa suka yi ta cece-kuce, wasu na murna wasu na fargaba. A wajenmu kuwa duk wanda ya ɗauko irin wannan zance sai a ce masa ina ruwanmu, ai fim ne kawai, a kalla a yi dariya a watse. Wannan maganar ce muka zo mu ƙi. Fim ɗin leƙen asiri ba ya tsayuwa sai da abokin gaba, kuma akwai mutum ɗaya da ke zaune bayan kyamara yana yanke hukuncin irin fuskar da abokin gaban zai zo da ita, da tufafinsa, da harshensa, da addininsa. Sau da yawa fuskar da ake zaɓa tamu ce.

Mu fara da Bond ɗin. Ian Fleming, wanda ya ƙirƙiro shi a littafi a 1953, ma'aikacin leƙen asirin sojan ruwan Ingila ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Fim na farko ya fito a 1962, daidai lokacin da ƙasashen da Ingila ta mulka ke karɓar 'yanci ɗaya bayan ɗaya, shekara biyu bayan namu. Daular tana rushewa a zahiri, amma a allon silima Bature ɗaya da kwat da ƙaramar bindiga yana shiga kowace ƙasa ba sallama, ya yi kisa, ya fita, a yi masa tafi. Fina-finai 25 aka yi a wannan jeri, kuma kowane darakta ya tanƙwara Bond yadda ransa ke so. Martin Campbell a 2006 ya mai da shi mutum mai jin zafin duka, jini na zuba a jikinsa. Sam Mendes a 2012 ya mai da labarin na tsufa da kewar girman Ingila. Danny Boyle kuwa a 2018 ajiye aikin ya yi tun ba a fara ɗauka ba, saboda ra'ayinsa ya saɓa da na masu fim ɗin. Da a ce darakta ɗan aike ne kurum, me zai kawo saɓanin?

A dubi jerin Jason Bourne a ga yadda siyasar mutum ke bin sa har cikin aikinsa. Paul Greengrass, wanda ya karɓi jerin a 2004, tsohon ɗan jarida ne mai bincike. Da hannunsa aka rubuta littafin Spycatcher na 1987, wanda gwamnatin Ingila ta yi ta shari'a don ta hana shi fitowa saboda ya tona cikin hukumar leƙen asirinta. Da irin wannan mutum ya riƙe kyamara, sai mugayen suka zama manya masu kwat a ofisoshin CIA, masu ba da umarnin kisa daga kan kujera. Aikin leƙen asiri iri ɗaya ne a Bond da Bourne. A ɗaya gwamnati ce mai ceto, a ɗaya kuma ita ce abar tsoro. Bambancin yana wajen wanda ya tsara labarin da wanda ya ɗauke shi.

Shi ma Villeneuve yana da tarihinsa. A Sicario na 2015 ya nuna jami'an Amurka suna taka doka a kan iyakar Meziko da sunan yaƙi da masu fataucin ƙwaya. A Dune ya nuna mutanen hamada da manyan dauloli ke wawashe arzikin ƙasarsu. Ko zai shigo da wannan ido cikin Bond? Tambayar tana da nauyi, domin tun watan Fabrairun 2025 ikon tsara Bond ya bar hannun iyalin Broccoli, waɗanda suka riƙe shi sama da shekara 60, ya koma hannun Amazon, kamfanin da ya sayi MGM a kan kuɗi sama da dala biliyan 8. Darakta yana da ra'ayi, mai kuɗi ma yana da nasa, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Wani zai ce matasanmu ba Bond suke kallo ba. Gaskiya ne. Abin da ke cikin wayoyin samari a tashar mota ta Azare da kasuwar Sakwa, wanda ake tura musu a shagon caji a kan 'yan nairori, fassarar Indiya ce, irin ta su Algaita. To a can ma zancen ɗaya ne. A ɗauki jerin Tiger na kamfanin Yash Raj. Na farko, Ek Tha Tiger na 2012, Kabir Khan ne ya ba da umarni, mutumin da ya fara da fina-finan gaskiya har ya yi aiki a Afganistan. A hannunsa ɗan leƙen asirin Indiya ya kamu da son 'yar leƙen asirin Pakistan, su biyun suka juya wa hukumominsu baya suka gudu. Saƙon a fili yake: gabar shugabanni ce, talakawa ba su da riba a ciki. Na biyu a 2017, a hannun Ali Abbas Zafar, labarin ya koma Iraki, mugu ya zama shugaban 'yan ta'adda mai da'awar jihadi. Pathaan na 2023, na Siddharth Anand, ya buɗe ne da soke matsayin musamman na Kashmir da gwamnatin Indiya ta yi a 2019, da wani janar na Pakistan da ke neman ramuwa. Kamfani ɗaya, jeri ɗaya, amma iska ta canza tare da siyasar ƙasar da hannun masu ba da umarni. Yaronmu yana kallo da Hausa, mai fassara yana sa masa barkwanci, yana dariya, yana haɗiyar ra'ayin wata ƙasa a kan rikicin da bai san mafarinsa ba.

In har yanzu akwai mai shakka, ga wanda ya taɓa mu kai tsaye. A 2003 Antoine Fuqua ya yi Tears of the Sun da Bruce Willis. An ce labarin a Najeriya yake faruwa, amma a tsibirin Hawaii aka ɗauke shi, da taimakon sojan ruwan Amurka. Su wane ne mugayen? 'Yan tawaye Musulmi Fulani, suna yanka Inyamurai Kiristoci ba tausayi, sai sojan Amurka suka zo ceto. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin Bafulatani ba, a wannan fim suka fara jin sunansa. A 2009 kuma District 9 na Neill Blomkamp ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman halittu, shugabansu da suna mai kama da na tsohon shugaban ƙasa Obasanjo, har marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai ta lokacin, ta nemi gidajen silima su daina nuna shi. Ɗanmu da ke neman biza ko yake tsaye a filin jirgi a ƙasar waje, da wannan hoton ake duban sa.

A gida ma mun ga hannun darakta da na mai kuɗi. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, an kafa ta ne da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, kuma ba a ɓoye manufar ba: a yaƙi tsattsauran ra'ayi ta hanyar shirye-shiryen Hausa. Daɗin Kowa ya yi daɗi, mun kalla mun ƙaru, amma sanin wanda ya ɗauki nauyin abu wani sashe ne na fahimtarsa. Kwana Casa'in, wanda Salisu T. Balarabe ya ba da umarni, ya shiga cikin maguɗin zaɓe da cin hanci da yadda ake sayen 'yan jarida, kuma a ƙarshen 2019 hukumar tace fina-finai ta Kano ta ba da umarnin a dakatar da shi tare da Gidan Badamasi. Kafin nan, a 2008, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a Kano a kan batun fim ɗinsa Tsintsiya, shekara guda bayan ya tsaya takarar gwamna. Masu mulki ba su taɓa yarda cewa fim ne kawai ba. Mu talakawa kaɗai ake so mu yarda da hakan.

Muna jin masu cewa to a hana kallon gaba ɗaya, a huta. Da su ma ba mu tare. A 2016 an tashi gina dandalin shirya fina-finai a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, aka yi ta suka har gwamnati ta janye. Me ya biyo baya? Kallo bai ragu ba ko kaɗan. Wayoyi sun ƙaru, fassarar Indiya ta ƙaru, abin da ya ragu kawai shi ne damar yaranmu ta koyon sana'ar da kayan aiki na ƙwarai. Damuwar malamanmu a kan tarbiyya damuwa ce ta gaskiya, muna girmama ta. Sai dai rufe ƙofar gida ba ya hana ruwan sama zuba ta rufin da ke yoyo. In ba mu ɗauki kyamara ba, wani zai ɗauka ya nuna mu yadda ya ga dama.

Kuma labarin da za a nuna yana nan yana jira. A 2014 bama-bamai sun tashi a Azare, har a kasuwar waya, an rasa rayuka, kuma akwai gidajen da har yau ba su daina kuka ba. Wata rana, ko daga Kano ko daga Legas ko daga Landan, wani zai zo ya yi fim ɗin tsaro a kan waɗannan shekaru, wataƙila ma jeri mai dogon zango. Ranar ce za mu gane nauyin abin da muke faɗa. Zai nuna almajiri a matsayin yaron da aka zalunta, ko kuwa bam mai tafiya da ƙafa? Zai nuna makiyayin da ke shayar da shanunsa a fadama a matsayin maƙwabci, ko duk mai sanda da malfa ɗan bindiga ne? Zai nuna 'yan banga da mafarauta da masu unguwanni da suka kwana a tsaye suna gadin gari, ko jarumin zai zama baƙo daga Abuja da ya zo ceton mutanen da ba su iya komai ba? Zai yi ƙarfin halin nuna jami'in da ya kama marar laifi? Amsar kowace tambaya tana hannun darakta da wanda ya ba shi kuɗi.

Don haka ga abin da muke kira a kai. Iyaye da malaman makaranta su saba wa yara da tambaya uku bayan kowane fim: wa ya yi shi, wa ya biya, wa aka mayar mugu. Masu fassara su riƙa faɗin sunan darakta da ƙasar da fim ya fito da shekarar da aka yi shi tun a farko, kamar yadda suke faɗin sunan kamfaninsu. Daraktocin Kannywood da suka shiga hidimar 'yan siyasa, wannan 'yancinsu ne, amma in sun zo yin fim a kan tsaro su sani muna kallo da ido biyu. Ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da na jami'ar Gadau, masu sha'awar rubutu da ɗaukar hoto, su fara tattara labaran dattawa da na waɗanda abin ya shafa tun suna raye. Masu hali na ƙasar Katagum kuwa, waɗanda ke kashe miliyoyi a kan mawaƙan zaɓe, su ware ko da kaɗan ne su ɗauki nauyin yaro ɗaya ya koyi rubuta labari da ba da umarni.

Tun a 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a Katagum ya rubuta abin da ya gani, duniya ta karanta mu ta bakinsa. Sama da shekara 200 ke nan ana ba da labarinmu muna sauraro. Duk wanda ya sake ce mana fim ne kawai, mu tambaye shi fuskar wa ya gani a jikin mugun.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya shirya mana zuri'a. Amin.