Sunanmu almajirai, amma mun ƙi ɗaukar robar

Yau da 'yan'uwana Kirista na nan Gure zan yi magana, amma maƙwabtanmu Musulmi kada ku wuce, tun da rijiya ɗaya muke sha, ƙura ɗaya muke shaƙa.

Duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa zai ga sunan da aka ba mutum 12 ɗin nan da suka bi Yesu: almajirai. Kalmar da kowa ya sani ce. Yaron nan mai roba a hannu da ke tsayawa ƙofar gida da magariba, wanda ke ɗebo wa malaminsa ruwa, ya yo itace, ya kwana a zaure cikin sanyin hunturu. Waɗanda suka juya littafin zuwa Hausa ba su nemo wata kalma mai rawani ba, wannan suka ɗauka. Kuma Malamin da kansa, daren da za a kama shi, ɗaura tawul ya yi ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi. Mu da ke zaune cikin yashi mun san wanda ake aika da buta idan baƙo ya sauka. Ƙaramin gida ne.

To me ya kawo zancen? Wa'azin da ke shigowa wayoyin yaranmu ne ta WhatsApp da Facebook. Mai wa'azi cikin kwat mai sheƙi yana rantsuwa cewa wanda ya bi Yesu ya yi sallama da wahala: ka ba da kuɗi, mota na tafe, biza na tafe, ciwo ba rabonka ba ne. Kwanan baya wani saurayi ya tare ni bayan sujada, ya ce: “Baba, in da gaske Allah na tare da mu, don me ya bari aka ƙone coci?” Ban ga laifinsa ba. An koya masa lissafin kasuwa, shi kuma ya auna ya ga babu riba.

Abin da yake nufi duk mun sani. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen da ya ɓata ran Musulmin duniya, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram, aka cinna wa majami'u wuta. Washegari abin ya kai Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga coci 45 da aka ƙona. Mutum 10 suka rasu cikin kwana 2, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. Wutar ba ta bar Maraɗi ba, ba ta bar Gure ba. A Damagaram ɗaruruwan Kirista a barikin soja suka fake. Babu ɗayansu da ya taɓa riƙe wannan jarida, da yawa ma ba su taɓa jin sunanta ba, kuma zanen mu ma ya ɓata mana rai. Haka kuma ba za mu manta ba, akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakin matansu. Allah ya saka musu.

Amsar da na ba saurayin ita ce, ba a taɓa yi mana alkawarin ba za a ƙone ba. Alkawarin gicciye aka yi mana tun ranar farko. Abin dubawa shi ne abin da mutum ya yi washegari. Na san wata baiwar Allah, ungozoma, da aka wawushe ɗakinta a wancan mako. Mako bai zagayo ba ta koma aiki, tana karɓar haihuwar matan unguwar da 'ya'yanta suka yi ɓarnar. Ba ta yi jawabi ba, ba a sa ta a rediyo ba. Hannu kawai ta wanke ta sa safar roba.

Irin wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Masu bishara na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, kuma in ka tambayi tsoho abin da ya sani game da su, ba wa'azi zai fara ambata ba. Zai ce maka likitar Galmi, wadda aka buɗe a 1950, inda har gobe mutane ke zuwa daga nesa, mafi yawansu Musulmi. Zai ce maka Danja, kudu da Maraɗi, inda tun 1956 ake wanke gyambon kutare a zamanin da ɗan'uwa ma ke gudun cin tuwo da su. A 2012 aka ƙara sashen matan da ke fama da yoyon fitsari, waɗanda sau da yawa miji ya sallama, dangi suka ware musu bukka. Wanke ƙafa ke nan da gaske, da warinsa da ƙudansa.

Sai dai a fahimce ni. Ban ce a je neman wahala ba. Wanda ya zagi addinin maƙwabcinsa aka mare shi, rashin kunyarsa ce ta jawo masa, kada ya zo yana ce mana an tsananta masa don Almasihu. Ban kuma ce yafiya ta soke shari'a ba. Tsare ran ɗan ƙasa da dukiyarsa aikin hukuma ne, ko da mu ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma muna da bakin tunatar da ita. Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiyan da aka sace a Bomoanga cikin Satumba 2018, ya yi shekara 2 a hannun 'yan bindiga, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, har aka sako shi a Mali cikin Oktoba 2020. Ya ce ya yafe musu. Bai ce abin da suka yi daidai ne ba.

Mu a Gure ba mu da yawa. Malaman lakwal ne, ma'aikatan likita, sojoji, 'yan kasuwa, galibi aiki ya kawo mu. Ba mu da kuɗin gina Galmi. Amma ku leƙa likita da yamma, za ku tarar da marar lafiya da aka kawo daga wajen Tasker ko Kelle, kuɗin guzuri ya ƙare, mai jinya ɗaya ce ta kwana uku ba barci, babu mai wanke masa zane. Na faɗa wa saurayin nan ran Lahadi mai zuwa, in an tashi sujada, ya zo da bokiti da sabulu. Kunun ni zan kawo.