Ana neman girbi a gonar da ba a shuka ba

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, sai kuka ya tashi: don me ake gindaya sharaɗin ƙwarewa a lissafi kafin a ba ɗalibi bursun karatun tattalin arziki da sha'anin kuɗi? Wasu abokan aikina, malaman adabi, sun ce zalunci ne, a soke shi. Ni ma Faransanci da Hausa nake koyarwa, amma ba na tare da su. Sharaɗin yana bisa hanya. Zaluncin wani wuri yake.

Wanda zai zauna a teburin cinikin bashi ko na uraniyom da sunan Nijar, tilas ya san yadda kuɗin ruwa ke haihuwa. Ba mu manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da darajar sefa ta karye da rabi a dare guda, farashin magani da na littattafai ya tashi. Daɗin baki ba ya warware irin wannan lissafi. Shi ya sa makarantun ƙididdiga irin su ENSEA ta Abijan da ENSAE ta Dakar ba su ɗaukar ɗalibi sai ya ci gasar da lissafi ne ƙashin bayanta.

To, ina zaluncin? Ku dubi yaron da ke talla a kasuwar Maraɗi. Da dala yake ƙidaya, ya san dala ashirin ita ce abin da Bafaranshe ke kira faran ɗari, yana ninkawa da biyar a ka ba tare da alli ba. Ran da ya shiga aji, sai a shimfiɗa masa lissafi cikin harshen da bai ji ba. Ya kasa gane tambayar, mu kuwa mu rubuta cewa ba ya da kan lissafi. In ya yi sa'a ya kai lise, sau da yawa babu ajin C a garinsu. Ashe tun kafin a buɗe takardun neman bursu an riga an yi rabon: ɗan birni mai malamin gida ya ɗauka, ɗan ƙauye ya koma gona.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa cikin harsunanmu a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Matsayin da ya tsaya a takarda bai shiga aji ba, me ya ƙara wa yaro?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyinmu da su bar yaƙi da sharaɗin, su nemi abu uku. A koyar da lissafin farko cikin harshen da yaro ya tashi da shi. A kai malaman lissafi ƙwararru makarantun karkara, a biya su a kan kari. A fara tallafin tun daga kwaleji, domin yarinya mai basira ta Mayahi ko ta Tanut ta kai bak kafin talauci ko aure ya fitar da ita.

Malamai ƴan uwana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bursun da ke jiran ɗalibi a ƙofar jami'a ya makara da shekara goma.